Rukayya da kumbon duniyar wata

Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida jiya da hantsi, 'yata Rukayya ta ari wayata tana kallon kumbon da aka harba zuwa duniyar wata. Can ta ɗago ta ce, "Baba, ni ajin kimiyya zan shiga. Irin wannan zan ƙera."

Yayana da ya zo daga Zango ya kwashe da dariya. "Ke da ko Katsina ba ki taɓa zuwa ba? Ki dai koyi ɗinki."

Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Baffa, su ma masu ƙera shi ai ba a wata aka haife su ba."

Yaya ya kalle ni, yana jira in tsawatar mata. A gabansa na ce ranar Litinin da kaina zan raka ta wurin shugaban makaranta.

Ya tafi ko ruwa bai sha ba. Zan je in ba shi haƙuri, yayana ne. Amma kimiyya kam, sai ta yi.

Jama'a, da ku ne, za ku tsawatar mata?