Ɗigon Jinin da Ya Kai Ni Sabon Gari

Ana idar da sallar asuba muka fito daga Samaru, ni da yayata. Ita ta matsa, ni kam na gaji da asibiti. Shekara uku da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, ga wani ɗigon jini da ke zuwa mini kwanaki bayan na yi wankan tsarki. Daren jiya ma ya zo.

Mai keken da ya ɗauke mu bai bar rami ko ɗaya ba har Palladan. A Kwangila ya ce sai mun ƙara masa kuɗi don mai ya tashi, yayata ta ce shi zai biya ta kuɗin ƙugunta. Ta sayi ƙosai, na kasa ci.

Asibitin na bayan kasuwar Sabon Gari, tsakanin masu sayar da kayan mota. Benci cike da masu ciki. Wata 'yar kudu ta gusa ta ba ni wuri, ta tambaye ni da gurɓatacciyar Hausa wata nawa ne nawa. Murmushi kawai na yi.

Likitar 'yar kudancin Kaduna ce, Hausarta tas. Bayan hoto da gwaji ta ce ba ta ga matsala ba, wasu matan kan ga ɗigon ne lokacin fitar ƙwai.

"In kin gan shi, me kike yi?"

"Ajiye sallah nake, likita. Maigidan kuma ya koma falo, sai na tabbatar ya ɗauke sarai."

Ta ajiye biro. "Maganar sallah ki tambayi malamarki. Amma 'yar'uwa, kwanakin da yake falon nan, su ne ake samun ciki a cikinsu."

Muka kamo hanyar dawowa. Ba murna na ji ba, gajiya ce ta danne ni, na tuna sassaƙen da na sha da habaicin dangi. Muka biya gidan malamar Islamiyyarmu, ta lissafa kwanakina, ta ce wannan ba haila ba ce, ba ya hana komai. Tambayar da kunya ta hana ni yi shekara uku ke nan, kuma ba wanda zai dawo mini da su.

Bayan isha'i maigidan ya fito daga ɗaki rungume da filonsa, zai wuce falo. Na tashi na karɓe.