Gammon Baba Gambo

Cikin shekarun da na yi ina koyar da aikin lantarki a wannan cibiya, ban taɓa mantawa da ranar da Baba Gambo ya shigo ɗakin gyara da wani akwati a hammatarsa ba. Wata Talata ce tsakiyar damina, lokacin ina mataimakiyar malami, wato ni ke kula da kayan aiki da ɗalibai idan sun zo gwaji, amma ba ni da ikon karɓar aikin waje sai shugaban sashe ya sa hannu. Shugabanmu a lokacin shi ne Injiniya Sabo.

Baba Gambo makaɗin ganga ne daga Guri. Ya shekara kusan arba'in yana yi wa manoma kiɗa a gayya, yana kuma zuwa bukukuwa da ƙungiyarsa. Sai hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu. Ya samu sauƙi, yana tafiya, amma hannun ba ya iya ɗaukar ganga, yatsun kuma ba su da ƙarfin da za su amsa wa gula. Akwatin da ya kawo na sauti ne, ɗansa ya samo masa na hannu a Kano. A cikinsa akwai muryoyin ganguna iri-iri, sai dai babu faifan da ake bugawa.

"Malama, an ce ke ce mai haƙuri da wayoyi," in ji shi. "Saura kwana tara bikin 'yar ƙanena. Yaran ƙungiyata sun ce in zauna a kujera in riƙa kallo. Ni kuwa ban iya kallo ba."

Na kai maganar wurin Injiniya. Ya juya akwatin, ya ce, "Wannan ba ya cikin manhajarmu, Binta. Amma ki yi shi bayan an tashi darasi. Idan ya yi, ki rubuta yadda kika yi, mu koya wa ɗalibai."

Ga waɗanda ba su san aikin ba, abin ba shi da wuyar fahimta. Akwai wani ɗan faifan tagulla mai kamar kwabo da ake kira fiyezo, irin wanda ke ƙara a cikin agogon bango. Idan ya ji girgiza sai ya fitar da 'yar wuta. Za ka liƙa masa waya biyu da dalma, ka kai su soket, daga nan zuwa akwatin sauti. Akwatin ne ke mayar da 'yar wutar nan ta zama muryar ganga. Na ciro fiyezo uku daga matattun agogo, na manna kowanne a bayan farantin ƙarfe, na rufe fuskar da robar cikin tayar babur. Na ɗaure duka ukun a kan katako guda da kusoshi, don ya yi masa sauƙin ɗauka. Kwana uku na gama, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai.

Ranar Asabar ya dawo gwaji. Ya ɗaga gula ya bugi farantin dama, sai duka ukun suka amsa lokaci ɗaya, kamar an zubar da kwanuka. Na ce wannan ƙaramin abu ne. Akwatin yana da wurin da ake rage masa ji, don kada ya kula da ƙaramar girgiza. Na rage. Hayaniyar ta tafi, amma da ya taɓa farantin hagu da yatsunsa, shiru. Hannun ba ya kai ƙarfin da akwatin zai ji. Na ƙara masa ji, hayaniya ta dawo. Na rage, hannunsa ya ɓace.

Kwana huɗu ina kan wannan. Na auna kowace waya da mita, duk lafiya. Na yi zargin danshi, don a daminar Haɗejia ko dalma sai ta yi tsatsa-tsatsa, na sake liƙa komai. Na canja rasista, wato 'yar abar da ke rage ƙarfin wuta, na raba wayoyin kada su taɓa juna. Babu abin da ya sauya. Ranar Laraba na yanke shawarar in gaya masa gaskiya. Ya zo da hantsi, bayan ya sha wahalar hanya domin ruwa ya cinye wani sashe nata, sai da ya shiga kwalekwale.

"Baba, na kasa," na ce masa. "Ko dai hannun dama ya yi kiɗa shi kaɗai, ko su haɗu su yi hayaniya."

Ya ɗora tafin hannunsa mai lafiya a kan katakon, ya ce in bugi faranti ɗaya. Na buga. Ya ce in sake.

"'Yata, ba wayarki ba ce. Katakon ne ke kai gulma. Mu ma idan muka ajiye ganga biyu a kan benci ɗaya, ka bugi wannan, waccan sai ta yi gunaguni. Shi ya sa kowace muke ɗora ta a kan gammonta."

Na ji kunya, don abin yana gabana tun ranar farko, ni kuma ina can ina bin wayoyi. Na kwance kusoshin. Ya cire rawaninsa ya bayar, muka kuma yage wani tsohon zane da muke goge tebur da shi, ya nuna mini yadda ake naɗa gammo mai tauri, ni ina naɗawa yana gyara mini da hannu ɗaya. Muka ɗora kowane faranti a kan nasa. Na canja robar farantin hagu da mai laushi marar kauri, na buɗe jin akwatin har ƙarshe.

Ya bugi dama, dama kaɗai ta amsa. Sannan ya sauke yatsun hagu a hankali, sai ga murya ta fito sarai. Ya tsaya yana kallon hannun. Daga nan ya fara wani kiɗan noma, a hankali, yana kuskure yana komawa, har Injiniya ya baro ofis ya tsaya a bakin ƙofa.

Ban samu zuwa bikin ba, amma ɗansa ya turo mini hoton bidiyo. Baba na zaune a tsakiyar yaransa, shi ke jan kiɗan suna bi.

Tun daga nan, idan aka kawo mini abu ya lalace, kafin in ɗauki mita sai in tambayi mai shi me yake ji, me yake gani. Ku ma ku riƙa tambaya. Mutumin da ya shekara arba'in da abu a hannunsa ya san wani ɓangare na aikin da ba a koya mana ba, kuma yawanci zai faɗa maka idan ka yi shiru ka saurara.