Rabon Gadon Lilon Baffa Buba

Cikin dukan kwanakin da na yi ina aiki a wurin wasan yara da ke bayan garin Gumel, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce Litinin ɗin da Baffa Buba ya dawo daga girbi. Na ga ya dace in rubuta abin da ya faru domin ku da kuka shigo aikin bayanmu, tunda na ji ana ba ku labarin a gurguje, ana dariya, alhali babu abin dariya a cikinsa.

Wani attajiri ne ya kafa wurin, Allah Ya jiƙansa. Ni ne sakatare: ni ke riƙe da rajistar kayan wasa, da takardun ɗaukar ma'aikata, ni kuma ke rubuta abin da aka tattauna a taro. A samana akwai manaja. Sai makanikinmu Ɗanlami, da masu kula da kayan wasa, da Iya Tabawa mai sayar da tikiti, da masu gadi. Kasuwarmu ta Sallah ce. A ranakun Sallah yara kan zo daga Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, har da na tsallaken iyaka, a cike motocin haya da A Daidaita Sahu. Sauran shekara kuwa sai Juma'a da yamma.

Akwai ƙa'idoji biyu da sai an san su za a fahimci labarin. Ta farko a rubuce take. Kowane mai kula da abin wasa, takardarsa ta ɗaukar aiki tana ɗauke da sunan abin da yake kula da shi. Ba a ɗauki mutum ma'aikacin wurin wasa ba, an ɗauke shi mai kula da jirgin ƙasa, ko mai kula da motocin karo. Ranar da aka cire abin, ranar aikinsa ya ƙare. Ta biyu al'ada ce, muna kiran ta rabon gado. Kayan gyara suna da wuyar samu, sai an je Kano, wani lokaci a dawo hannu wofi. Saboda haka idan abin wasa ya lalace ya wuce gyara, manaja zai sa hannu, ni in soke shi daga rajista, sannan makaniki ya kwance shi ya raba wa sauran: wannan ya gaji noti, wancan ya gaji sarƙa. Al'ada ce mai kyau, da ita wurin ya rayu. Sharaɗinta ɗaya ne, sai an tabbatar da mutuwa a rubuce.

Baffa Buba Bafillace ne daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, shi ne mai kula da babban lilo. Lilon ƙarfe ne mai kujeru a kewaye, yana ɗaga yara sama ya sauko da su, kuma da hannu ake juya shi. Shi ne abin wasa na farko da marigayi ya kafa, kuma tun ranar da aka kafa shi Baffa ke juya shi. Idan wuta ta ɗauke, ko man janareta ya ƙare, komai yakan tsaya a wurin ban da lilon. Baffa ya san yaron da za a sassauta wa da wanda za a ƙara wa gudu tun daga yadda ya kama ƙarfen kujera.

Bayan rasuwar mai wurin, babban ɗansa da ke zaune a Kano ya gaje shi. Muna kiran sa Alhaji Ƙarami. A ƙarshen damina ya zo ya zagaya wurin tare da manaja. Bai tsaya a ko'ina ba sai a gaban lilo. A nan ya daɗe. Ya kewaya shi, ya taɓa ƙarfen, ya ɗauki hotuna da wayarsa, ya gaisa da Baffa, ya shiga mota. Abin da ya ce wa manaja kawai shi ne zai turo injiniya bayan girbi, domin akwai sauye-sauye.

Daga wannan kalma guda aka gina gari. Kullum bayan la'asar, a gindin darbejiyar da ke kusa da ɗakin tikiti, sai a zauna ana yanke wa wurin hukunci. Wani ya ce za a haƙa wurin ninƙaya. Wani ya ce zauren biki za a gina, tunda biki ya fi yara kawo jama'a. Mai kula da jirgin ƙasa ya rantse cewa ya ji za a shimfiɗa sola a kan kowace rumfa. Amma a kan abu ɗaya bakinsu ya haɗu: lilo zai tafi.

"Mutumin da ya ga wuraren wasa a Dubai," in ji Ɗanlami, "shi zai bar abin da ake murzawa da hannu kamar injin taliya? Hoton da kuka ga ya ɗauka, na nuna wa masu sayen tsohon ƙarfe ne."

Iya Tabawa Bamangiya ce, tsakaninta da Baffa akwai wasan da ke tsakanin Mangawa da Fulani. Ta leƙo ta tagar tikiti ta ce, "Bawana, ka ji ko? Ka fara neman sandarka, kiwo ya kira ka."

Baffa ya ce, "In na koma kiwo, ke zan fara korawa gaba, don kin fi kowace saniya hayaniya."

Aka yi dariya. Da aka watse sai ya biyo ni ofis, ya tsaya a bakin ƙofa, ya sauke murya.

"Malam Sakatare, takarda ta zo?"

Na ce, "Babu takardar da ta zo, Baffa. Ranar da ta zo, kai zan fara sanarwa."

Ya ce, "To, shi ke nan. Na tafi girbi da kwanciyar hankali."

Kowace shekara yakan ɗauki hutunsa a lokacin kaka ya je ya yanke geronsa. Ya shafe lilon da giris, ya ɗaure shi da igiya kada iska ta juya shi, ya tafi.

Bai yi mako da tafiya ba boris ɗin ƙafar jirgin ƙasa ya fashe. Ɗanlami ya je ya ciro na lilo ya sa. Da na gani na tambaye shi wa ya ba shi izini.

Ya ce, "Malam Takarda, aro ne. Kuma mai mutuwa gobe, me zai yi da boris yau?"

Na rubuta wa manaja ƙorafi a ranar, na kai masa da hannuna. Ya karanta, ya ajiye, ya ɗora kofin shayi a kai.

"Malam Nasiru, kai ma ka san inda aka dosa. Jirgi yana aiki, lilo yana ɗaure. In bar mai aiki ya tsaya saboda wanda za a cire?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ce za a cire shi?"

Ya ce, "Kowa."

Na ce, "Kowa ba shi da sa hannu."

Ya yi murmushi ya ce in riƙa sassauta wa kaina.

Da aka ga boris ya tafi babu abin da ya faru, sai ƙofa ta buɗe. Masu gadi suka kwance sarƙar lilon suka ɗaure babbar ƙofa da ita. Aka cire kujeru aka jera a gindin darbejiya, mutanen da ke yanke wa lilon hukunci suka koma zama a kansu. Mai fenti ya zo ya shafe komai ya tsallake lilon, ya ce ba a yi wa gawa kwalliya. Kowane abu da aka cire na rubuta shi, da sunan wanda ya cire, na sake kai wa manaja. Na nemi lambar Alhaji Ƙarami, aka ce sakatare ba ya tsallake manaja, kuma gaskiya ne, haka tsarin yake. Na aika wa Baffa saƙo ta bakin wani direban motar Sule Tankarkar. Daga baya na ji saƙon ya tsaya a tasha.

Na ƙarshe shi ne ƙarfen tsakiya, wanda dukan lilon ke juyawa a kansa. Iska ta karya ginshiƙin rumfar motocin karo. Ranar Alhamis, na tafi Maigatari sayo takardun tikiti, aka kira mai walda ya yanke ƙarfen gida biyu, aka tokare rumfar da shi. Da na dawo na tarar da da'irar lilon a kwance a ƙasa.

Ranar Litinin da hantsi injiniya ya iso, wani natsattsen mutum mai suna Rabi'u. Manaja ya tarbe shi, ni ina biye da rajista. Ya fara da motocin karo, ya ce waɗannan za a cire, domin suna shan mai kuma gyaransu ya gagara. Ya ce jirgin ƙasa zai zauna. Sannan ya ɗaga kai ya duba fili.

"Ina lilon?"

Manaja ya nuna masa. Injiniya ya je ya tsaya a kan da'irar ƙarfen.

"Wa ya ba da umarnin wannan?"

Manaja ya ce, "Yallaɓai, mun ɗauka ai shi za a fara cirewa. Mun ga Alhaji ya ɗauki hotonsa."

Injiniya ya ce, "Ya ɗauki hotonsa ne ya turo mini. Ya ce in cire duk abin da na ga dama a wurin nan ban da wannan. A kansa mahaifinsa ya fara ɗora shi yana yaro. So yake a yi masa fenti, a matso da shi bakin ƙofa, a sa sunan marigayi a jikinsa."

Ɗanlami ne ya fara motsi, ya ce duk kayan suna nan, babu abin da ya fita daga wurin, kafin magariba zai mayar da kowane noti. Injiniya ya je gindin rumfa ya duba ƙarfen da aka yanke, ya shafa bakin yankan da yatsa.

"Noti zai koma. Wannan ba zai koma ba. Ba zan sa hannu a ɗora 'ya'yan mutane sama a kan ƙarfen da aka yanke aka liƙe ba. Kuma da'irar ta lanƙwashe da kuka kayar da ita."

Ya koma gefe ya kira Kano. Ba mu ji abin da aka ce masa ba, mun dai ga ya fi sauraro fiye da magana. Da ya dawo ya ce a soke lilon daga rajista.

Ana cikin haka, dab da azahar, Baffa Buba ya shigo. Yana ɗauke da buhu a kafaɗa da ƙwarya a hannu, tsarabar da ya saba kawo mana, gero da man shanu. Ya yi sallama da fara'a, ya doshi ɗakin tikiti yana cewa, "Ina baiwata? Fito ki karɓi abincinki." Iya Tabawa ba ta fito ba. Sai ya juya ya ga fili.

Ya sauke buhun a hankali. Ya je ya tsuguna a gefen da'irar, ya ɗauki guntun igiyar da ya ɗaure ta da ita, ya riƙe. Sannan ya dube ni.

"Malam Sakatare, takardar ta zo ke nan."

Na ce, "Ba ta zo ba, Baffa."

"To, wa ya ce a cire?"

Na buɗe baki in karanta masa sunaye, domin suna hannuna. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ina jin ya riga ya ga kujerunsa a gindin darbejiya da sarƙarsa a jikin ƙofa. Ya tashi, ya kwance bakin buhun, ya ce kowa ya kawo abin zubawa. Ya auna wa manaja, ya auna wa masu gadi, ya auna wa Ɗanlami, wanda ya karɓa kansa a ƙasa. Ƙwaryar man ya ajiye a tagar tikiti. Daga ciki muna jin kukan Iya Tabawa.

A taron da aka yi washegari na nemi a rubuta cewa an saɓa ƙa'ida, an kuma rubuta. Na nemi a hukunta waɗanda suka saɓa ta. Aka ce babu wanda ya saci komai, kowane ƙarfe yana cikin wurin yana yi wa wurin aiki, don haka gargaɗi ya isa. Na nemi a ba Baffa wani aikin. Alhaji Ƙarami ya aiko cewa a ba shi gadin ƙofa. Na kai masa saƙon da kaina.

Ya ce, "Ka yi mini godiya wurinsa. Amma yaran nan sun san ni ina ɗaga su sama. Ba zan tsaya a ƙofa ina tambayar su tikiti ba."

Saboda haka mutum ɗaya ne ya rasa aikinsa a kan al'amarin lilon, kuma shi kaɗai ne ba ya nan lokacin da aka aikata shi. Ni na buga takardar sallamarsa, domin aikina ne. A gurbin dalili, ƙa'ida ta ce in rubuta cewa an cire abin da yake kula da shi. Na rubuta haka, na ƙara da cewa ba da laifinsa ba. Manaja ya ce wannan ƙarin ba ya cikin tsari. Na ce to ya soke da hannunsa. Bai soke ba.

Abin da na koya shi ne wannan. Mutanen wannan aiki ba mugaye ba ne. Ɗanlami ya gyara jirgi ne domin yara, masu gadi sun ɗaure ƙofa ne domin tsaro, kowa yana da hujjarsa. Amma mu ma'aikatan ƙananan wurare muna rayuwa ne cikin tsoron abin da na sama za su yanke, kuma saboda ba a gaya mana komai, sai mu cike shirun da hasashe, mu maimaita shi har ya zama mana labari, sannan mu yi aiki da shi kamar umarni. Masu wuri su ma suna da nasu kason: jimla ɗaya daga bakin Alhaji Ƙarami ranar da ya zo da ta wadatar.

Yanzu ma na ji kuna cewa za a cire jirgin ƙasa baɗi. Mai yiwuwa ne, ban sani ba, ku ma ba ku sani ba. Ku yi hirarku, ba a hana ma'aikaci hira. Amma kafin ɗayanku ya ɗora sifana a kan noti, ya je ya dubi mutumin da ke tuƙa jirgin. Yana da iyali a Gagarawa, kuma sunan jirgin ne a rubuce a takardarsa.