Laifin da Aka Ɗora wa Wake

Duk lokacin da ƙamshin ɗanwake ya bugi hancina sai raina ya ɓaci, don kakata nake tunawa. A Attantane muka tashi, inda wake rabin rayuwa ne. Bayan girbi takan zauna gindin rumbu tana ɓarar sa tana yi mana tsiya, kuma ba ta haɗa ɗanwake mai man gyaɗa da yaji da komai ba.

Sai aka ce tana da tansiyo, hawan jini ke nan, kawuna ya karɓo mata ƙwaya daga Tasawa. Ta yi watanni tana sha lafiya lau. Wata safiya ta tashi leɓenta a kumbure, ba ƙaiƙayi, ba ƙuraje. Da yake ɗanwake ta ci da dare, nan take gida ya yanke hukunci: wake ya ƙi jininta. Aka hana ta. Kumburin ya dawo, aka hana gyaɗa. Ya sake dawowa, aka janye daddawa. Ƙwayar kuwa ba a taɓa fashin ta ba, kawu da kansa ke tsayawa sai ta haɗiye.

"Ku bar mini wakena," take cewa. "Tun ban da wayau nike cin shi, yau za ya ƙi ni?"

Ranar da harshenta ya kumbura har numfashi ya fara gagara, aka garzaya da ita likitar Mayahi, wato asibiti. Da ta farfaɗo, majo, wato babban mai jinya, ya ce a nuna masa abin da take sha. Ya ce irin wannan ƙwayar kan hana jiki kawar da wani sinadari mai buɗe ƙananan jijiyoyin jini. In ya taru, ruwa ya tsiyaye cikin tsoka. Ba laifin abinci ba ne, kuma abin kan taso ko an daɗe ana sha. Ya canza mata wata, kumburi bai ƙara dawowa ba.

Amma kawu ya ce barin waken ne ya soma aiki. Har ta rasu ba a sake sa mata ɗanwake a kwano ba. Wannan abu har gobe yana ci mini rai.

Yanzu ga waya a kowane gida, ga likita kusa, sai dai kunnuwa ba su sake ba. Bana shi ma kawu tansiyo ta kama shi. Na je gaishe shi na tarar leɓensa ya tashi, irin ƙwayar nan na aljihunsa. Na roƙe shi mu tafi likita har muryata ta dishe.

Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Gado ne, ɗiyata." Sannan ya turo kwanon ɗanwakensa gabana.