Ranar da Gambo Ya Tsaya a Gaban Jirgi

Usta Gambo, wato Oga Gambo, makanikin jiragen feshin auduga a gefen Wad Haddad, bai yarda da allurar mai ba. Cewa yake allura bakin mace mai talla gare ta. Ya fi amincewa da sandarsa mai tsage-tsage, wadda yake tsomawa cikin tankin fiffike kafin kowane tashi. Shekara ashirin muna masa tsiya a kan wannan sanda, shi ko a jikinsa.

Wata safiya a lokacin feshi, matuƙi Khalid ya sauko yana ƙorafi: allura na rawa, yanzu rabi, anjima babu. Gambo ya buɗe fiffike ya zaro ma'aunin, wato ɗan kwanon da ke yawo bisa mai, maƙale da siririn ƙarfe. Ya goge tsatsa, ya ɗaure wayar da ta saki, ya mayar. Allura ta miƙe ta nuna cike.

Yana shirin zuba mai da tsoma sanda ke nan, sai ga surukinsa bisa jaki. Wa ke gaida suruki a tsaye? Gambo ya cire takalmi ya durƙusa. Aka tambayi gida, aka tambayi dawa, har da akuyar da ta haihu. Khalid kuwa ya dubi allura, ya ɗaga hannu, ya tashi.

Sai da tsohon ya wuce Gambo ya waiga. Gangar mai na nan ba a buɗe ba. Sanda a bushe. Nan take ya gane ƙarfen ya maƙale a sama lokacin da ya mayar da shi. Allura za ta yi ta cewa cike har injin ya mutu.

Ya kira wayar Khalid, ta yi ƙara cikin rigar da ke rataye a rumfa.

Ni da idona na ga Gambo, mutum mai shekara hamsin, yana gudu bisa gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, yana salati. Ya tuɓe farar jallabiyarsa, ya faɗa cikin auduga yana kaɗa ta. Ya manta cewa a wajen matuƙi, farin ƙyalle a gona na nufin nan za a fesa.

Jirgin ya sunkuyo kansa, ya zuba masa magani. Muka yi ta ihu, "Usta, kwanta! Hita nan!" Bai motsa ba. Idanunsa a rufe, yana tari, yana kaɗa riga. Tsoro ya kama ni.

A zagaye na biyu Khalid ya gane shi. Ya karkata zuwa fili. Tayoyi na taɓa ƙasa farfela ta yi tari sau biyu, ta tsaya cik.

Khalid ya sauko a fusace. "Ya zol, kai bawan Allah, mi ya same ka? Ka haukace?"

Gambo ya nuna fiffike kawai. Khalid ya buɗe murfi ya leƙa, ya daɗe yana kallon ƙasan tanki, babu ko ɗigon mai. Daga nan ya je rumfa ya ɗauki wayarsa.

"Ibtisam," ya ce wa matarsa, "babu komi. Ina so in ji muryar yara ne."

Gambo ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.