Hawan Mambila da Yaya Lawal

Daga Zariya zuwa Jalingo

Ana kiran assalatu muka fito daga unguwarmu Limancin Kona, ni da yayana Malam Lawal. Ina ɗauke da jakunkuna, shi kuma yana dafe da kafaɗata, domin in akwai duhu ba ya ganin komai. Yaya tsohon malamin dabbobi ne da ya yi ritaya. Hawan jinin ido ya kama shi, likita kuma bai ɓoye masa ba, ya ce ɗan ganin da ya rage masa ba zai daɗe ba. Ko a lokacin, abin da ke gabansa sak kaɗai yake gani, kamar mai leƙe ta ɓular ƙofa.

Ranar da muka dawo daga asibiti ya ce mini, "Habu, ka kai ni Mambila. Can na fara aiki ina saurayi. Ina so in sake ganin tsaunin nan tun ina iyawa."

Ni tela ne, iyakar tafiyata Jos. Amma na rufe shago na bi shi.

Mun yi sallar asuba a masallacin tasha, muka shiga ƙaramar bas. Muka bi ta Pambeguwa da Saminaka, muka ci masa da miya a Jos, azahar ta same mu a Bauchi. A wani shinge bayan Gombe, wani soja ya leƙo ya tambayi Yaya inda za shi.

"Kallon dutse za ni, ɗana," in ji Yaya.

Sojan ya yi dariya. "Baba, duk duwatsun da ke Zariya ba su ishe ka ba?"

"Waɗannan ai 'ya'ya ne. Wurin kakansu za ni."

Mun shiga Jalingo bayan isha'i, muka kwana a wani masauki kusa da tasha, ga zafi ga sauro.

Daga Jalingo zuwa gindin tsauni

Da sassafe muka sami motar Gembu, babban garin da ke kan tsaunin. Direban, Malam Hammadu, siririn mutum ne mai yawan raha. Da na gaya masa lalurar Yaya sai ya sauya wa wani fasinja wuri, ya zaunar da Yaya a gaba.

Muka wuce Garba Chede da Bali. A Serti muka tsaya sallah, muka sayi ayaba da gasasshiyar masara, gumi na zuba kamar an watsa mana ruwa. Da na ga Yaya ya ciro rigar sanyi daga jaka ya ɗora a cinya sai na ce a raina tsufa ne.

Bayan mun bar Serti na hango wani baƙin abu ya tokare gabanmu daga wannan gefe zuwa wancan.

"Malam Hammadu, ka ƙara wuta, ga hadari can ya haɗo," na ce.

Duk motar aka kwashe da dariya.

"Ba hadari ba ne, Malam," in ji direba. "Inda za mu hau ke nan."

Na sake dubawa da kyau. Tsauni ne, samansa ya shige cikin gajimare.

Hawan tsauni

Daga Mayo Selbe hanya ta fara naɗewa a jikin dutse. A dama bango ne na dutse da ruwa ke tsiyaya a jikinsa, a hagu kuwa rami ne wanda ban ga ƙarshensa ba. Motar na nishi, kunnuwana suka toshe. Duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa.

A wata kwana mai tsanani Yaya ya ce, "Nan ne Biyu da Sisi, ko?"

Malam Hammadu ya juyo da mamaki. "Baba, ashe ɗan gari ne kai!"

Direban ya bayyana mini cewa wai a zamanin da, kafin a yi hanyar mota, sule biyu da sisi ne ladan da ake ba 'yan dako su hau da kaya ta wurin, sunan ya bi wurin.

Muna gama hawa sai duniya ta sauya. Iska mai sanyi ta buge ni har sai da haƙorana suka haɗu. Ko'ina tuddai ne masu santsi, lulluɓe da ciyawa kore shar, wani bayan wani har iyakar gani, babu ƙaya babu kunya ta gona. Jajayen shanu masu dogayen ƙaho suna kiwo a kansu. Yaya ya sa rigar sanyinsa, ya miƙo mini wata da ya ɓoyo domina.

Sai dai kafin mu kai Maisamari hazo ya sauko. Fari ne fat, mai laima, ya rufe komai har direba ya kunna fitila da rana. Yaya ya manna fuska a gilashi.

"Habu, idona ne ko gari ne?"

"Gari ne, Yaya. Ni ma ba na gani."

Nguroje, rugar Ardo Buba

A Nguroje muka sauka. Yaya yana da tsohon aboki a wata ruga bayan gari, Ardo Buba, wanda ya yi wa shanunsa allura shekaru masu yawa da suka wuce. Ba mu san ko yana raye ba. 'Yan acaɓa biyu suka kai mu ta wata hanyar jar laka, tsakanin dogayen itatuwan zaiti masu ƙamshi.

Muka yi sallama a bakin shinge. Wani tsoho dogo, lulluɓe da bargo, ya fito yana dogara sanda. Yaya ya gaishe shi da Fulatanci. Tsohon ya tsaya cak, ya karkata kai.

"Wannan murya ta Dokta Zazzau ce," ya ce. "Ko kuwa mafarki nake yi?"

Suka rungume juna, suka daɗe ba su saki ba. Ni dai na kau da kai ina duban shanu.

An sauke mu a ɗaki mai murhu a tsakiya. Aka kawo tuwon masara da miyar kumbi, wani ganye ne da ban taɓa ci ba, ga man shanu yana narkewa a kai, ga kindirmo mai kauri da sai da cokali. Ruwan alwala kuwa sai an ɗumama, in ba haka ba yatsu su ƙage.

Amma hazo ya ƙi tafiya. Gari ya waye fari, ya yini fari, washegari ma haka, ga yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Yaya yakan zauna a bakin ƙofa ya zuba ido waje. Magana ta ragu a bakinsa. Maganin ɗigawa da muka zo da shi ya kusa ƙarewa, kuma likita ya gargaɗe mu kada a tsallake ko sau ɗaya, ga shi an ce ba a samun irinsa a nan. Dole mu juya.

"Mun yi latti, Habu," ya ce mini da yamma. "Allah bai nufa ba. Gobe mu kama hanya."

Ardo yana gefe yana jan carbi. Ya ce, "Dokta, ka ba ni safiyar gobe kawai. In hazon nan ya ƙi tashi, mu za mu hau mu bar shi a ƙasa."

Kan tudu

Bayan sallar asuba aka ɗaura wa dawaki sirdi. Ardo ya hau ɗaya, aka ɗora Yaya a kan wata goɗiya mai sanyin hali, babban ɗan Ardo, Malam Jauro, ya riƙe linzaminta. Ni da ban taɓa hawan ko jaki ba, na ce ƙafata ta ishe ni. Ban yi nisa ba na gane kurena. Numfashi ya gagare ni, ƙirjina kamar ana daka, raɓa ta jiƙa ni har gwiwa. Ba na ganin komai sai wutsiyar goɗiya, ita na bi.

Can sai farin hazon ya fara yin haske, ya koma ruwan ƙwai. Muka ƙara 'yan taku, sai kawai muka fito daga cikinsa, kamar wanda ya ɗago kai daga ruwa.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Rana ce ke fitowa, sama garau. Gajimare kuwa yana ƙarƙashin ƙafafunmu, a shimfiɗe kamar auduga da aka baje a filin da ba shi da iyaka. Kawunan tuddai sun ɓullo ta cikinsa nan da can, kore shar. Daga nesa wani tsauni shuɗi ya ɗara kowa, Ardo ya ce shi ne Chappal Waddi, babu wanda ya kai shi tsawo a ƙasar nan. A gefenmu wani rafi ya zubo daga kan dutse ya faɗa cikin gajimaren, ana jin rugugin saukarsa amma ba a ganin inda ya sauka. Ni da na tashi cikin lungunan birni, inda in ka miƙa hannu sai ka taɓa katanga, ban taɓa ganin sarari irin wannan ba. Na zauna a ciyawa ina ta tasbihi.

Muka sauko da Yaya daga kan goɗiya. Ya tsaya, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sai ya fara juya kai a hankali, kaɗan-kaɗan, daga hagu zuwa dama, yana ɗaukar wurin guntu-guntu da ɗan ganin da ya rage masa. Da ya kai ƙarshe sai ya sake farowa.

"Habu, wancan jan abin da ke motsi fa?"

"Shanu ne, Yaya, suna hawa tudu a jere."

"Na gan su," ya ce. "Wallahi na gan su. Har da farin maraƙi a baya."

Na duba, akwai farin maraƙi a baya.

Ya fuskanci alƙibla ya yi sujada a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, gemunsa ya jiƙe. Tun daga gida matar Ardo ta haɗo mu da shayi a flas, na ganyen da ake nomawa a tsaunin, muka sha a nan muna kallo har gajimaren ya fara tasowa ya sake rufe mu.

Da za mu rabu, Ardo ya miƙa wa Yaya sandarsa ta kiwo. "Ta san hanya, Dokta. Ka riƙe ta."

Komowa gida

Mun sauko a ranar, muka kwana a Serti, muka sake kwana a Gombe, inda muka sami maganin idon. Ana kiran la'asar muka shigo Zariya. Wani mai keke napep ya ajiye mu a bakin unguwa, domin lungunmu ba ya shiguwa. Na miƙa wa Yaya kafaɗa kamar kullum, sai ya ce, "Bar shi, Habu. Ka ji da kaya."

Ya sa sanda a gaba, yana taɓa katanga da kwata, yana amsa gaisuwar maƙwabta da sunayensu, har ƙofar zaurenmu. Ni ina biye da jakunkuna da buhun piya da Ardo ya haɗa mu da shi.

Muna godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Allah Ya saka wa Malam Hammadu da Ardo Buba da iyalansa da alheri. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Yaya Lawal a addu'a.