Mutumin da Ya Ƙi Kashe Soket Na Uku

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa, jaka a kafaɗa, gorar shayi a hammata. Ɗakinsa na can ƙarshen baranda, bayan sito, ko taga babu, sai fanka mai ƙara da manyan allunan kwamfuta biyu. Yakan tura takalmi ƙarƙashin tebur, ya goge tabarau da gefen riga, sannan ya fara gaisuwa. Ba mutane yake gaisarwa ba. Ƙananan asibitoci goma sha ɗaya ne jere a allon, kowanne da ɗigon haske a gefensa, kore idan lafiya, ja idan da matsala. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana motsa baki.

"Na ɗaya, mun tashi lafiya. Na biyu, batirinka ya fara tsufa, ina ganinka."

Aikinsa ke nan shekara goma sha huɗu, bayan sha biyun da ya yi yana hawa tsani da filaya a aljihu. A kowane asibiti akwai akwatin ƙarfe da ke ɗauke da na'urorin intanet da na ajiye bayanan majiyyata. A cikin akwatin akwai dogon layi mai soket takwas, da babban batir da ke riƙe shi idan an ɗauke wuta. Layin yana da ɗan katin waya nasa na daban, don haka daga kujerarsa yana ganin yawan wutar da kowane soket ke ja, yana kuma iya kashe shi ko kunna shi, ko da asibitin tafiyar awa huɗu ne. Idan na'ura ta sandare, babu mai hawa mota. Ya kashe soket ɗinta, ya ƙirga talatin, ya kunna, ta farfaɗo.

Ma'aikata suna kiransa Baba Tukuna, domin duk wanda ya shigo masa da gaggawa amsa ɗaya yake samu: "Bari in duba tukuna." Har gida sunan ya bi shi. Matarsa ta taɓa tsare shi a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Malam, asibiti goma sha ɗaya kana ba su wuta daga zaune, ƙwan wutar kicin ɗina kuwa wata guda ke nan da mutuwa."

"Ai ina sane, zan duba."

"Tukuna," in ji 'yar autarsu daga ɗaki. Har shi sai da ya yi dariya.

Akwai wata ɗabi'arsa da matasan ofis suke yi wa tsiya. Wayarsa cike take da lambobin masu shara da masu gadi. Duk asibitin da ya je gyara, ba ya barinsa sai ya zauna a benci da su, ya tambayi iyali, ya karɓi lamba. Yakan ce likita yana tiyata, nas tana allura, amma mai shara wayarta na ƙulle a gefen zani, kuma babu lungun da ba ta sani ba.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Abubuwan da za a iya faɗa a kansa suna da yawa, amma guda ɗaya ya ishi wannan shafi, kuma waɗanda suka gani da idonsu ne suka bayar da shi: manaja, sakatariya, da Inna mai shara ta asibiti na tara.

Wata Laraba ce, shekara biyu da suka wuce, wajen ƙarfe biyu na rana. Manyan baƙi sun zo ganin yadda aikin ke tafiya, manaja ya sa an haska musu allon Baba a bangon ɗakin taro. Yana cikin bayani, ɗigon na tara ya koma ja. Intanet ɗin asibitin ya mutu.

Manaja ya taho baranda da sauri, sakatariya na biye da shi.

"Baba, na tara ya faɗi a gaban baƙi. Kashe na uku ka kunna mana."

Ba kuskure ya faɗa ba. Haka yake a rubuce a takardar da ke manne jikin bango, kuma Baba ne ya rubuta ta da hannunsa: na'urar intanet tana soket na uku, idan ta sandare a kashe a kunna. Baba ya kai hannu. Sai ya tsaya.

Allon ya nuna masa an ɗauke wutar gari a can, janareta bai tashi ba, batir ne ke riƙe da komai, saura minti ashirin da biyar. Wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ya tsayar da shi lambar da ke gefen soket na uku ce. Shekara da shekaru ya san ɗan abin da na'urar nan take ja, kamar yadda uwa ta san cin ɗanta. Yau soket ɗin yana jan ninki goma.

"Yallaɓai, abin da ke jikin na uku ba na'urarmu ba ce."

"To mece ce?"

"Ban sani ba."

"Sakan talatin ne fa, Baba. Ko mene ne, ai zai dawo."

"Idan irin wanda yake dawowa ne."

Sakatariya ta ce ba ta taɓa ganin fuskar manaja ta yi haka ba. Ya dubi agogo, ya dubi ƙofa, ya ce a hankali, "Umarni nake ba ka."

"Na ji, yallaɓai. A ba ni minti uku, in ya so a rubuta ni na ƙi."

Ya kira wayar teburin asibitin, shiru, domin ita ma ta intanet take bi. Ya kira nas, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya kira mai gadi, iska kawai yake ji da ƙarar babur. Ya kira Inna.

"Injiniya, yau ka tuna da tsohuwa? Ina alkawarin redi..."

"Inna, yi haƙuri, je ki ɗakin fayil. Buɗe akwatin ƙarfen nan. Ƙirga soket daga sama, ki kama wayar da ke jikin na uku."

Ana jin takun silifas ɗinta da nishinta. "Na kama. Fara ce, mai kauri. Ga wata baƙa nan a ƙasa an zare ta."

"Kar ki taɓa komai. Bi farar da hannunki, ki gaya min inda ta tafi."

"Ta fita ƙofa. Ta bi ƙarƙashin benci. Kai, wa ya zubar min da ruwa a nan kuma? Ta shiga ɗakin jarirai." Da ta sake magana muryarta ta sauka. "Injiniya, kwalbar ɗumama jarirai ce a jiki. Da injin iskar numfashin nan. Jaririyar nan bakwaini da aka haifa da hantsi ce a ciki, ba ta fi tafin hannuna biyu ba."

"Wa ke wurinta?"

"Babu kowa. Ungozoma da nas suna kan uwar, jini ya ƙi tsayawa."

Daga baya aka ji yadda aka yi. Da wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi, ungozoma ta tura mai gadi ya ɗauko makaniki, ita kuma ta ruga ɗakin fayil, inda ta san wuta ba ta mutuwa. Ta zare filogi guda, a zatonta na na'urar buga takardu ne, ta soka nata. Ashe na intanet ta zare. Injin iskar kuwa tsoho ne, idan wuta ta yanke masa ba ya tashi da kansa sai an danna, kuma yakan ɗau lokaci kafin iskar ta taru. Da Baba ya bi takardar da ya rubuta, da allon zai nuna masa ya kunna, ya koma shan shayinsa, jaririyar kuwa tana can babu iska, babu kowa a kanta.

Manaja ya jawo kujera ya zauna.

Saura minti goma sha tara a batir. Baba ya gyara tabarau, ya fara kashe sauran. Na ɗaya, na biyu, na huɗu, har na takwas: ma'ajiyar bayanai, kyamarori, kwamfutocin rajista, duk ya kwantar da su, ya bar na uku shi kaɗai. Lambar ta yi tsalle ta koma awa ɗaya da 'yan mintuna.

"Inna, zauna kusa da ita. Kar ki kashe waya. Ƙirjinta yana motsi?"

"Yana motsi. Har da yamutsa fuska, kamar kakarta."

"Kin san kakar ne?"

"Ban santa ba, amma wannan fuskar ta masifa ai gado ce."

Haka suka zauna, shi ido a kan lamba, ita ido a kan ƙirji. Duk bayan ɗan lokaci ya tambaya, ta amsa. Manaja ya miƙe ya koma wurin baƙi, ya ce musu jan ɗigon nan zai zauna ja, ya kuma gaya musu dalili. Lambar ta sauko arba'in, ta sauko ashirin. Tana kan goma sha biyu aka ji wani tari ta cikin waya, sannan ruri mai ƙarfi. Janareta ya tashi.

"Ka ji shi, Injiniya? Ga ungozoma ma ta fito, ta ce jinin ya tsaya."

Baba ya cire tabarau ya ɗora goshi a kan tebur. Sakatariya ta ce ta ɗauka kuka yake. Da ya ɗago sai ya ce mata, "'Yata, taimaka min da ruwa, ƙafafuna sun ƙi."

Washegari wasu suka so a ba ungozoma takardar gargaɗi. Baba ne ya hana. Ya ce da shi ne a wurin abin da zai yi ke nan, laifin na wanda bai ja wa ɗakin jarirai layinsa ba ne, kuma wannan mutumin shi ne. Cikin wata biyu ya zagaya asibitocin duka da tsohuwar filayarsa, ya ja wa kowane ɗakin jarirai soket daga batir, ya shafa musu jan fenti. Ya kuma ƙara layi ɗaya a saman takardar bango: kafin ka kashe, dubi abin da yake ja.

Baba, kai ne ba ka taɓa sa farar riga ba, ba ka taɓa riƙe allura ba, amma akwai mai numfashi yau saboda ka janye yatsanka. Kai ne ka fi yarda da abin da idonka ya gani a kan abin da hannunka ya rubuta. Mai haƙurin tambaya, abokin masu shara. Sau dubu nawa ka kashe ka kunna, babu wanda ya sani, domin aikinka idan ya yi kyau ba a ganinsa.

Makon jiya ungozoma ta zo ofis karɓar kaya, ta taho da uwar da yarinyar. Aka kai su ƙarshen baranda. Yarinyar ta shiga da gudu, ta nufi wayoyin da ke bayan tebur kai tsaye, uwar ta cafke ta tana ba da haƙuri. Baba ya durƙusa ya daɗe yana kallonta.

"Ashe ke ce mai jan wutar nan," ya ce. "To, ba ki yi asararta ba."

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa ƙafafun nan ƙarfi. Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, da duk wanda aikinsa ya ba shi ikon taɓa abin da ke nesa ba tare da ya gan shi ba, ku riƙe wannan daga gare shi: a ƙarshen kowace waya akwai wani abu, wani lokacin kuma mutum ne. Ku tambaya kafin ku danna.